Sunan da Ba a Sawa a Shafi

Na ji abin da ɗayanku ya faɗa jiya a bakin ofis, yana zaton tsufa ya taɓa min kunne. Wai aikin Baba Garba ai dannawa biyu ne: mai neman taimako ya rubuta, mai son taimakawa ya rubuta, sai a haɗa su, ko akuya aka koya wa za ta iya. To madalla. Ni ɗan gidan mahauta ne a nan Talata Mafara, na yi shekara ashirin ina dillancin shanu a kara kafin in taɓa waya mai shafawa, kuma ina gaya muku haɗa mai saye da mai sayarwa wasan yara ne in aka kwatanta da haɗa mai bukata da mai taimako. Ku gyara zama, ku kife wayoyinku.

Aikina na farko jini ne. Lokacin ba mu da shafin intanet, zaure ne kawai a waya wanda Hajiya Kulu ta buɗe. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce 'yar Bakura, ta yi ritaya ta ga zama ba nata ba ne, sai ta tara masu ba da jini don Allah, da masu babur da za su kai mara lafiya asibiti, da malaman da za su koyar da karatu. Ta ɗauke ni ne don na san mutane, daga Mafara har Maradun babu kasuwar da ban ci ba. Ran nan wata mata ta haihu ta zubar da jini sosai, mijinta ya kira a ruɗe. Ni kuwa da rawar kai irin taku na ɗauki hoton da ya turo, na sa sunanta, da sunansa, da unguwarsu, da lambar wayarsa, na watsa a zaure. Kafin azahar an sami jini. Na tafi wurin Hajiya ina baza babbar riga, ina jiran yabo.

Da kyar ta amsa gaisuwata. Ta tambaye ni mutum nawa suka ba da jinin, na ce biyu. Ta tambayi mutum nawa suka ga hoton, na ce duk wanda ke zauren.

"To sauran mi ka ba su, Garba?" in ji ta. "Matar mutane ka ba su, kwance, ko ɗankwali babu."

Ba a yi mako guda ba magana ta zaga unguwarsu cewa matar mugun ciwo gare ta, in ba haka ba me zai sa a ƙara mata jini. Masu maganin gargajiya suka sa mijin a gaba da kira har ya jefar da layin. Da uwarsa ta kwanta daga baya, bai neme mu ba, kuma yana da gaskiya. Hajiya ta hana ni taɓa waya wata uku. Sai dai in zauna gefenta a kan tabarma in saurari yadda take amsa kira. A nan na koyi cewa bukata ake sawa a fili, mutum kuwa ɓoye shi ake yi. "Ana neman jini iri kaza a Bakura kafin la'asar." Shi ke nan. Wanda ya amsa, sai a kira shi daban.

Kayan aikin ba su da yawa, shi ya sa kuke raina su. Babbar waya ta shafi da saƙonni. Ƙaramar waya mai tocila, wadda ba ta ɗaukar hoto kuma ba ta shiga intanet, ita ce ta kiran mutane, kuma cajinta yakan yi kwana uku ko da babu wuta. Sai littafi mai baƙin bango, wanda ba ya kwana a ofis. A shafi kowa lamba ne. A littafi ne kawai lamba take komawa suna, kuma ko a nan ban rubuta sunan gari yadda wani zai gane. In mace ta ba da lambarta don ba da jini, ba na miƙa wa kowa. Ni zan kira, in haɗa layin, su yi magana ina saurare, in kashe. Babban kayan aikin kuwa kunne ne, da ƙafa, da mutanen da ka sani: liman, mai unguwa, sarkin fawa, ungozoma. Wanda ya zo yana son taimakawa sai ya kawo shaidu biyu, ni kuma in nemo na uku wanda ba shi ya zaɓa ba. Ku katin shaida ne gunkinku. An ɗora hoton kati, shi ke nan mutum ya zama waliyyi. Kati ba ya amsa tambaya. Ni in mutum ya ce shi ɗan Maradun ne, sai mu yi doguwar gaisuwa, in tambaye shi ta wane gefen kasuwa mahauta ke zama, in tambayi lafiyar wani dattijo da na san ya rasu bara. In ya ce yana nan lafiya lau har sun gaisa jiya, to na gama da shi.

Wani malami ya taɓa rubuto mana cewa zai koyar da mata karatu kyauta. Na kira shi, muryarsa kamar zuma. Na ce akwai tsofaffi takwas a Bakura masu son su iya karanta takardar asibiti. Sai ya fara inda-inda, wai shi ya fi ƙwarewa a kan zawarawa, musamman masu ƙarancin shekaru, kuma da za a turo masa lambobinsu da ya fi sauƙi. Na gaya masa in aure yake nema ya bi ta ƙofar iyaye, mu ba dillalan aure ba ne. Wani babban mutum kuma, mai mota da direba, na nemi shaidu ya harzuƙa, yana tambayata ko na san shi wane ne. Na ce ranka ya daɗe, ai abin da nake ƙoƙarin sani ke nan. Ya kashe waya. Ga kuma masu ɗaukar hoto, waɗanda ba za su miƙa wa marainiya kwanon gero ba sai an ɗaga fuskarta sama an ɗauka. Irin waɗannan duk da murmushi suke zuwa, kuma duk sunan taimako suke kira. In ba ka iya cewa a'a ga mai murmushi ba, ka koma gida.

Yanzu bari in gaya muku shekarar da kuke ji ana ambata ana yin shiru.

Shekarar da ɓarayin daji suka tashi ƙauyukan bayan Faru da Dosara ce. Mutane suka cika Maradun da Mafara da kaya a ka, aikinmu ya koma neman wanda ke da ɗaki a gidansa da zai sauki baƙi. Aikin ya fi ƙarfin zaure, sai kwamitinmu ya ɗauko wani mutum daga birni, kowa na ce masa Injiniya, ya gina mana shafi. Ba zan ci haƙƙinsa ba, shafin yana da sauri. Amma ya zo da aƙida. Wai ɓoye-ɓoye tsohon yayi ne, masu taimako suna son ganin fuskar wanda suke taimaka wa, don haka a sa suna, da hoto, da garin da mutum ya fito, da unguwar da ya sauka. Kuma wai shafin da kansa zai riƙa haɗa mutane ya tura musu lambobin juna, ba sai an jira wani tsoho da littafi ba. A taron kwamiti, Hajiya Kulu ta gaya musu cewa a ƙasar da infoma, wato mai kai wa ɓarayi labari, yake zama da kai a majalisa ɗaya, jera sunayen masu gudu daidai yake da yi wa kura jagora. Suka yi mata murmushin da ake yi wa tsofaffi, suka ɗaga hannu, suka rinjaye mu. Ƙafafunta sun riga sun fara ba ta wahala. Ta miƙo min littafin ta koma Bakura.

Malam Ummaru manomi ne daga wani ƙauye bayan Faru. Ranar da aka shiga garinsu ya gane mutumin da ya nuna wa ɓarayin gidaje, ɗan garinsu ne, kuma ya faɗi sunansa a gaban dattawa. Daga nan kwana a garin ya haramta gare shi. Ya zo Maradun da matarsa Rabi da 'ya'ya uku, ni da kaina na sauke shi a gidan wani abokina mahauci, na sa shi a shafi da lamba kawai. Sai aka zo rabon hatsi. Mutanen Injiniya suka bi gida-gida suna ɗaukar hoto da suna, suka ɗora. Ina buɗe waya na ga Malam Ummaru riƙe da buhu, ga sunansa, ga garinsu, ga unguwar da yake. Na kira Injiniya na ce a sauke yanzu. Ya ce wannan sai kwamiti ya zauna, zai sa a jerin abubuwan da za a tattauna mako mai zuwa.

Lokacin kaka ne, gero ya nuna a gonaki babu mai yanka. Kowane manomi da ke gudun hijira zuciyarsa tana gona. Sai wani sabon mai taimako ya yi rajista, wai yana da babur, zai riƙa kai manoma su duba gonakinsu da safe ya dawo da su kafin azahar. Ya ɗora kati mai kyau, shafin ya buga masa koren tambari na wanda aka tantance. Ba wanda ya kira shi, ba wanda ya nemi shaida. Shafin ya duba ya ga ya ambaci yankin Faru, sai ya haɗa shi da Malam Ummaru ya tura masa lamba. Ni ban san an yi ba sai da la'asar, da Rabi ta kira ta ce mai babur ɗinku ya ɗauki Malam tun da hantsi, har yanzu shiru. Na ce wane mai babur? Na bi katin, ashe na wani bawan Allah ne da ya yar da shi a mota tun bara. Rana ta uku makiyaya suka ga Malam Ummaru a gefen wata hanyar ƙafa. Aka yi masa sutura a Maradun.

Injiniya ya zo ta'aziyya da farar shadda. Ya ce matsalar tsari ce, za a gyara. Gyaran kuwa shi ne suka goge komai. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kwamiti ya ce daga yau kada a tambayi kowa komai, ba suna, ba gari, ba shaida, don kare sirrin jama'a. Sai masu gidaje suka rufe ƙofa. Wa zai karɓi "lamba kaza, mutum biyar" ya kai cikin iyalinsa? Kuma duk ɗan iskan da ya ga dama zai iya zama mai taimako, tunda ba a tambaya. Suna ganin sun juya daga hagu zuwa dama, ni kuwa abu ɗaya na gani: lalaci. Da mai watsa komai da mai ɓoye komai, duk gudun aiki suke yi. Aikin shi ne ka zauna a kan kowane mutum ka auna wa ya kamata ya san me, kuma iya ina. Na gaya musu ko su bar ni in yi yadda aka koya min, ko in kai wa Hajiya littafinta. Ba wanda ya ɗaga hannu ya ƙi a wannan karon, suka bar ni.

Rabi ce aikin da ya fi kowane wuya. Dole ta bar Maradun, tunda duniya ta ga unguwar. Na je na same ta tana takaba, na tsaya daga bakin zaure, matar mahaucin tana tsakaninmu. Sharaɗinta ɗaya: duk inda za a kai ta, kada a gaya wa kowa komai. Na ce ba zan iya ba. Mai gida yana da nasa iyalin, in akwai masu neman ta, haƙƙinsa ne ya sani kafin ya buɗe ƙofa.

"Baba, faɗi shi ya kashe Malam," in ji ta.

Na ce, "Faɗi ga kowa ne ya kashe shi, Rabi. Ni mutum guda zan gaya wa, kuma ba sunanki ba, ba garinku ba. Zan ce akwai haɗari, ya zaɓa da idonsa a buɗe. In ba ki yarda ba, ba zan buɗe baki ba, amma ba zan kai ki gidan kowa a rufe ba."

Sai da ta kwana biyu kafin ta aiko cewa ta yarda. Na fara da wani Alhaji mai sayar da hatsi a nan Mafara, mutumin kirki, gidansa da fili. Na gaya masa mace ce da yara uku, an kashe mijinta, mai yiwuwa ana bibiyarta. Ya ce a yi masa afuwa, yana da 'yan mata a gida. Na yi masa godiya. Na san a cikinku akwai wanda zai ce da na yi shiru da tuni ta sami ɗaki. Haka ne, da na kai wa mutum garwashi a cikin toka. Ya ƙi, kuma bai san komai da zai kai majalisa ba. Wannan ma aiki ne da ya yi kyau.

Hajiya Kulu ce ta nuna min Inna Tumba, wata tsohuwa mai daddawa a Bakura, tana da ɗaki tun da 'yarta ta yi aure. Na gaya mata abin da na gaya wa Alhaji. Ta ce ita ba ta saukar da wanda ba ta ga idonsa ba. Na haɗa su a ƙaramin asibiti ranar rigakafi, inda mata ke cika da goyo, ba mai lura da kowa. Suka zauna a benci ɗaya kamar masu jiran layi. Inna ta ƙare mata kallo, ta yi mata tambayoyin da ban ji ba, sannan ta kira ni ta kafa nata sharuɗɗan: Rabi ta karya tsohon layin wayarta a gabanta, kuma a gaya wa mai unguwa cewa akwai baƙuwa da ake tsoron a biyo, ko da ba a faɗi ko wace ce ba. Rabi ta cire layin ta karya da haƙori. Ga maƙwabta kuwa, Inna ta ce 'yar ƙanwarta ce. A shafi ban rubuta komai ba sai "an samu".

Bayan wata biyu, ranar Talata, ina kara wajen abokaina dillalai, wani mutum ya tsaya a kaina. Kamar an tsaga kara shi da Malam Ummaru. Ya ce sunansa Shehu, ƙanin marigayi ne, yana ci-rani a kudu abin ya faru, an ce ni na san inda iyalin suke. Na yi masa ta'aziyya, na ce ya ba ni lambarsa da saƙonsa, in akwai wanda zan kai wa zan kai. Nan ya tashi. Ya ce ɗiyan ɗan'uwansa ne, jininsa ne, ni wane ne, mahaucin banza, da zan shiga tsakani? Ya ce mu muka sayar da yayansa, yanzu kuma mun ɓoye matar. Kasuwa ta taru. Har abokaina suna cewa Garba dubi fuskarsa mana, ai ba sai an tambaya ba. Na ce na ga fuskar, ba ita nake tambaya ba. Kwana huɗu yana zuwa ƙofar gidana yana zagi.

Ban kira Rabi a waya ba, na hau mota na tafi Bakura. Na kwatanta mata shi, ta ce tabbas Shehu ne, kuma ba mugu ba ne, shi ya fi kowa son yaran. Amma bakinsa ba ya riƙe magana, kuma matarsa gidansu ɗaya da mutumin da Malam ya tona. Ta ce tana son ya ga yaran, amma kada ya san gidan. Na haɗa su a asibitin nan da Rabi ta fara ganin Inna. Ya rungume yaran, ya daɗe a zaune, ya ba su tsarabar da ya zo da ita. Da za a rabu na sa shi a motar Mafara tukuna, sai da ta ɓace sannan Rabi ta tashi. A hanya ya ce min wannan wulaƙanci ne, kuma Allah zai saka masa. Daga ranar ya daina gaishe ni. In mun haɗu sai ya tofar da yawu ya kau da kai.

Damina ta zagayo. Wata Talatar ina zaune a rumfar mai shayi da hantsi, Shehu yana can ƙarshen benci ya juya min baya, sai ga wasu mutum biyu 'yan garinsu. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida, aka tambayi ruwa, aka yi wa marigayi addu'a. Sai ɗayansu, mai fara'a sosai, ya dafa kafaɗar Shehu ya ce an ce ya ga iyalin Malam, ina suka sauka, suna son su je su yi wa Rabi gaisuwa. Shehu ya ce ya gan su, suna lafiya. Mutumin ya ce to a wane gida? Shehu ya ce bai sani ba. Mutumin ya yi dariya ya ce haba, ƙanin miji guda? Ya matsa, ya sake matsawa, fara'ar tana raguwa, har ya ce in da gaske ne ya rantse.

"Wallahi tallahi ban san gidan ba," in ji Shehu. "Ko Alƙur'ani kuka kawo sai in dafa."

Suka dube shi, suka ga babu ƙarya a idonsa. Suka bar shayinsu ko rabi ba su sha ba, suka hau babur suka tafi. Shehu ya bi su da kallo har suka fita kasuwa. Ya ajiye kofin da ke hannunsa. Sannan ya taso, ya zagayo benci, ya cire takalmi ya durƙusa a gabana.

"Baba Garba, an tashi lahiya? Ya iyali? Ya aiki?"

Na ce aiki da godiya. Ya yi ƙasa da murya ya ce in na je wurin da nake zuwa, in gaishe da yaran, kuma don Allah ko ya sake tambayata wata rana, kada in gaya masa.